Idan Yaronki Ya Nace Sai Ya Koyi Gita

'Yar uwa, kafin ki cire kuɗi, ki fara duba tsirkiyar gitar. Akwai ta ƙarfe, akwai ta nailan. Ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 10, mai nailan za ki nema, kuma ƙarama daidai jikinsa. Babbar gita tana sa yaro ya ɗage kafaɗa ya karkace, da dare ki ji yana kukan ciwon wuya.

Yatsu kam sai sun yi zafi. A makonnin farko kan yatsun da yake danna tsirkiya da su kan yi ja, daga baya fatar ta yi kanta, zafin ya tafi. A nan ne yara da yawa ke jingine gitar a bayan ƙofa, kuɗinki ya tafi a banza. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Ki yanke masa farce. Idan bororo ya fito kar a fasa shi, a huta sai ya warke. Amma ciwo a wuyan hannu, ko yatsu su riƙa sagewa, wannan ba na sabo ba ne: ya dakata, in bai daina ba a je asibiti.

Manhajar GuitarTuna za ta taimaka masa ya saita tsirkiya shida ɗin. Darussan JustinGuitar kyauta ne a YouTube, da Turanci. Ki zauna kusa dai, kin san halin YouTube.

In ya raina gitarsa don ta hannu ce, ki gaya masa Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko.