Kada Mu Mari Kwamfuta Don Fankarta Ta Yi Kuka

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da nake gani a makarantunmu, tun daga Sabo har Moniya ta ƙasar Akinyele, wadda ba na so mu fita da ita. In kwamfutar tebur ta soma gurnani kamar injin niƙa, sai malam ya kai wa akwatin mari. In ta ƙi yin shiru, wani ma sai ya buɗe ya zare wayar fankar, ya ce ya yi magani.

Ni a ganina wannan ɓarna ce. Fankar nan ita ke fifita ƙwaƙwalwar na'urar. In an tsai da ita zafi ya kan hau har kusan digiri 100, aiki ya yi nauyi, kana na'urar ta kashe kanta. Ga shi kuwa tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da iyayensa ke sayar da albasa a kasuwar Shasha, wataƙila ba shi da inda zai taɓa kwamfuta sai wannan guda ta makaranta.

Galibi ƙura ce, balle da hunturu. A kashe na'urar, a zare waya daga bango, a kwance marfin gefe. A taɓa ƙarfen akwatin tukuna kafin a sa hannu ciki. Sa'an nan a riƙe fukafukan da yatsa, a share su da buroshi mai laushi. Wani lokaci ma wata 'yar waya ce kawai ke gogar fiffike, sai a ɗaure ta gefe.

In kukan ya ci gaba, to, boris ya ci. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke manne a bayan fankar ya kan saya mata 'yan watanni. Man keke na ce, ban ce manja ba! Daga nan sai sabuwa, mai faɗi daidai da tsohuwar. Amma fankar da ke cikin ƙaramin akwatin wuta, ita kam a bar wa mai gyara, gama wuta na maƙalewa a ciki ko an zare waya.

Ina roƙon Shugaba ya ba mu yamma ɗaya kowane zango, da sukudireba da tsohuwar kwamfuta guda, kowa ya kwance ya ɗaura da hannunsa kafin a tura mu koyarwa.