FAGEN MAHARBA: Bindiga Mai Shuri

Duk bindigar da ta tura harsashi gaba, tilas ne ta tura mai riƙe da ita baya. Wannan ba aibin maƙera ba ne, ba kuwa sakacin maharbi ba. Doka ce ta halitta wadda masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana tun cikin 1687, wato kowane turi yana tare da takwaransa daidai da shi wanda ke komawa ta inda aka fito. Saboda haka duk wanda ya yi wa maharbi alkawarin bindiga babba wadda ba ta shuri sam, to, ciniki yake nema. Abin da ke yiwuwa shi ne a rage kaifin shurin, a shimfiɗa shi, har jiki ya iya ɗauka ba tare da ya tsorata ba.

A ɗauki misalin bindigar nan .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fito da ita cikin 1912, wadda kuma har yanzu ita ce abokiyar tafiyar masu farautar ɓauna a Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe da arewacin Kamaru. Ƙwayar harsashinta mai nauyi giram 19 ce da 'yan kai, amma tana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 770 cikin daƙiƙa guda, sa'an nan iskar albarushi ta biyo ta da gudun da ya ɗara wannan. In nauyin bindigar kilo 4 ne, sai ta koma baya da gudun mita 5 cikin daƙiƙa, tamkar a ce mai keke a guje ya soki mutum da taɓarya a kafaɗa. Shurinta ya kusa ninka na .30-06 sau biyu, ita kuwa .458 Winchester ta 1956 ta kusa ninka shi sau uku.

Amma fa ciwon kafaɗa ba shi ne abin tsoro ba, gama kwana uku ya warke. Abin tsoro shi ne razana. Jikin ɗan Adam ba ya mantuwa da abin da ya buge shi. Idan bindiga ta naushi mutum sau goma, a na sha ɗaya tun kafin kunama ta saki sai ido ya rufe, kafaɗa ta zabura gaba don tarar bugu, yatsa ya fizge maimakon ya matsa sannu. Duk wannan yana faruwa cikin ƙiftawar ido, maharbin kansa bai sani ba, in an gaya masa ma sai ya musa. Bakin bindiga ya sunkuya kaɗan, harsashin da aka nufi ƙirji da shi ya sami tumbi ko ƙafa. Ɓauna mai rauni kuwa ba gida take tafiya ba. Shiga take cikin duhuwar ciyawa ta tsaya tana sauraro, kuma dole wani ya bi ta. Wanda ke gaba a wannan tafiya shi ne mai bin sawu, idonsa a ƙasa, sau da yawa ba shi da kome a hannu sai sanda. Wato kenan razanar mai bindiga, wani bawan Allah ne ke biyanta.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko mutum ya kamu da wannan ciwo. A wurin gwaji, ya juya baya abokinsa ya ɗura masa bindiga, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da na banza wanda ba albarushi. Ran da kunama ta faɗa kan na banza, ba ƙara ba shuri, amma aka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, magana ta ƙare.

Magani na fari, wanda ya fi kowane araha da tabbas, shi ne nauyi. Lissafin a fili yake: in aka ƙara wa bindiga mai kilo 4 kilo guda, ƙarfin shurinta zai ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa maƙeran Ingila na dā ba su ji kunyar ƙera bindigogin giwa masu nauyin tsiya ba. Akan huda gindin ƙota a cusa dalma, ko kuwa wani ɗan bututun ƙarfe mai zaiba a ciki. Masu sayar da bututun suna cewa kai-komon zaibar ne ke shanye bugu, amma mafi yawan amfaninsa daga nauyinsa ne kurum. Sai dai a lura kada gindi ya rinjayi baki har bindiga ta ƙi tsayawa daidai a hannu. A kuma tuna cewa harbi daƙiƙa ɗaya ne, ɗauka kuwa yini ne. Kamfanonin zamani suna gasar ƙera bindigogi marasa nauyi don masu hawan duwatsu, mai saye ya ɗaga a kanti ya ji daɗi, sai ya je wurin gwaji ya gane abin da ya saya.

Na biyu shi ne ƙota ta dace da mai ita, kamar yadda takalmi ke dacewa da ƙafa. Yawancin ƙotocin kanti tsawonsu daga kunama zuwa gindi inci 13 da rabi ne, alhali mutane ba tsawonsu ɗaya ba. In ƙota ta gajarce, babban yatsa ya daki hanci. In ta yi tsawo, gindi ya zame daga mazauninsa ya sauka kan dantse. Ƙotar da ta karkata ƙasa da yawa kuwa tana sa baki ya yi tsalle sama, doronta ya mari kunci, kuma marin kunci ya fi bugun kafaɗa saurin koya wa mutum tsoro. Miƙaƙƙiyar ƙota mai faɗin gindi ita ke kai turi kai tsaye cikin jiki. A gindin nan sai a ɗaura matashin roba mai taushi, irin su Decelerator na kamfanin Pachmayr ko Limbsaver. Roba ba ta rage ƙarfin shuri ko kaɗan, jinkirta shi take yi, ta mai da naushi ya zama turi. Tsohuwar robar da ta shekara talatin ta ƙeƙashe kamar ƙahon sa, a cire ta.

Sauran aikin na jiki ne. A danna gindin bindiga sosai cikin lungun da ke tsakanin ƙirji da kafaɗa, don in an bar rata, bindiga ta sami filin ɗaukar gudu kafin ta iso. A kwantar da kunci, a riƙe gaba da ƙarfi, a ɗan rusuna gaba da gwiwa a sake, yadda jiki duka zai yi baya tare da bindiga kamar reshe cikin iska. Mafi munin wurin harba babbar bindiga shi ne zaune a kan tebur an sunkuya, ko kwance rub da ciki, domin a nan jiki ba shi da wurin ja da baya. Abin mamaki, a kan teburin nan ne yawancin mutane ke fara sanin sabuwar bindigarsu, su ƙare kwali guda na harsashi 20 a zama ɗaya, su tashi da razanar da za ta bi su shekaru. Maharban kudancin Afirka sun fi gane tsayuwa a ɗora bindiga kan sanduna uku da aka ɗaure wuri ɗaya. Mai sa madubin hange kuma ya tabbata akwai tazarar da ta kusa inci 4 tsakaninsa da ido, in ba haka ba bakin madubin ya tsaga masa gira.

Akwai wata na'ura mai huje-huje da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wadda ke karkatar da iskar albarushi gefe da gefe. Ba shakka tana aiki, tana iya cire sulusin shuri ko fiye. Amma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ƙarar babbar bindiga da ma ta wuce awon desibel 140, inda harbi guda kan iya lahanta ji har abada, na'urar kuwa sai ta kwaso ƙarar ta watsa wa na kusa. Wanda ke tsaye a gefe, wato jagora da mai bin sawu, su ke sha, shi ya sa jagorori da yawa ba sa maraba da ita. Kunne abin sana'arsu ne, da shi suke jin motsin ɓauna cikin ciyawa. Bututun rage ƙara ya fi ta ladabi, yana sassauta ƙara da shuri gaba ɗaya, kuma maharba na amfani da shi bisa doka a Ingila da Afirka ta Kudu, amma ƙasashe da dama sun hana shi. Ko ba kome, toshe kunne a wurin gwaji wajibi ne, gama rabin razana daga ƙara take zuwa.

Maharbanmu masu harba-ruga su ma sun san wannan shuri, musamman masu ganin cewa ƙarin albarushi ƙarin sa'a ne. A wurinsu abin ya wuce kafaɗa, domin bututun da aka ɗura wa abin da ya fi ƙarfinsa fashewa yake a hannu.

Masu son ƙaramar bindiga sukan kafa hujja da Walter Bell, mutumin Sikotilan wanda ake wa laƙabi da Karamojo, sunan wani yanki na arewa maso gabashin Uganda. A farkon ƙarni na 20 ya kashe giwa 1,011, mafi yawansu da 'yar bindiga .275 wadda ba ta da wani shurin kirki, don ya san ƙoƙon kan giwa ciki da waje, kuma hannunsa ba ya rawa. Wannan ɓarna ce da ba mai fatan a maimaita, Kenya ma ta hana farautar manyan namun daji tun 1977. A inda aka yarda da ita kuwa, kamar Tanzaniya, doka ba ta barin a tunkari ɓauna da abin da ya gaza .375. Saboda haka mai niyya ba shi da zaɓin gudun babbar bindiga, sai dai ya saba da ita. Ya yi yawancin gwajinsa da 'yar .22, ɗari bisa ɗari, har matsa kunama ya zama masa jiki. Babbar kuwa ya harba ta a tsaye, sau uku ko huɗu a yini, ya mai da ita kube tun kafaɗa ba ta fara ƙorafi ba.