Bin Sawun Alkawari: Darasi Daga Ginin Ƙwayar Linux

Gabatarwa

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Abin da ya rage shi ne yadda mai jiran kayan zai san inda ɗan dako ya kwana da su. Wannan ita ce matsalar da ke addabar kowane babban aiki da jama'a suka zuba wa ido, ko hanya ce, ko asibiti, ko kuwa manhajar kwamfuta. Mutanen Kakau, a Ƙaramar Hukumar Chikun da ke kudu da birnin Kaduna, ba su bukatar a koya musu ma'anar jira, domin garinsu yana bakin babbar hanyar Abuja. A ƙarshen shekarar 2017 aka ba da kwangilar sake gina wannan hanya daga Abuja har Kano, aka yanka wa'adin wata 36. Wa'adi ya zo ya wuce, har a watan Nuwamba na 2024 gwamnati ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. A tsawon waɗannan shekaru matafiyi ya sha jin ranar gamawa, amma da wuya ya sami inda zai duba ya ga abin da aka yi da abin da ya rage.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai wani aikin gayya na duniya wanda ya ƙi yanka ranar gama komai, amma ya buɗe littafinsa ga kowa, kuma tafarkinsa ya fi kusa da gaskiya, ko da yake shi ma bai rasa tasa illar ba.

Mece Ce Ƙwaya?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. A can tsakiyar wannan manhaja akwai wani ɓangare da masana suka kamanta da ƙwayar da ke cikin ɓawon gyaɗa. Ƙwayar ce take raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, ita ce kuma take magana da allo da batir da na'urar kama sabis. A cikin shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta tasa ƙwayar mai layi wajen 10,000, ya sake ta ga duk mai so ya duba, ya gyara, ya ƙara. Ita ce Linux. A 2025 ta haura layi miliyan 40. Duk wayar Android a kanta take tafiya, haka nan tun daga 2017 kwamfutoci 500 da suka fi kowace ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki. Saboda haka mai gyaran waya a Kakau, da mai sana'ar cirar kuɗi da ke riƙe da na'ura mai Android, duk suna cin gajiyarta, ko sun san sunanta ko ba su sani ba.

Lokaci Ake Yankawa, Ba Kaya Ba

Da farko masu ginin Linux sukan lissafa sababbin abubuwan da suke so su saka, su ce ba za a fitar da sabon bugu ba sai an kammala su. Wannan ya jawo jinkiri mai tsanani. Bugu na 2.4 ya fito a watan Janairu na 2001, amma sai Disamba ta 2003 aka ga na 2.6, watau kusan shekara uku. Kamfanoni suka gaji da jira, kowa ya riƙa tsakuro abin da yake so daga aikin da bai nuna ba yana liƙa wa tsohon bugu, har abin ya zama kowa tasa ta fisshe shi.

Daga wajen 2005 aka sauya salo. Yanzu akan buɗe ƙofa ta mako biyu a karɓi sababbin abubuwan da suka nuna. Sa'an nan a rufe, a shiga gwaji da gyara na mako bakwai ko takwas, kowane mako ana fitar da bugun gwaji. Bayan mako tara ko goma sabon bugu ya fito, ɗauke da gyare-gyare fiye da 10,000 daga hannun mutum kusan 2,000. Abin ya yi kama da jirgin ƙasa: lokacin tashinsa sananne ne, wanda ya shirya ya hau, wanda bai shirya ba ya jira na gaba. Ke nan babu wanda zai ce wa jama'a abu kaza zai zo ranar kaza.

To, idan babu jadawalin alkawura, yaya ake sanin inda aka kwana? Akwai hanyoyi, kuma duk a fili suke. Na farko, tun 2005 ake ajiye tarihin aikin da wata manhaja mai suna Git, wadda Torvalds ya ƙirƙira. Kowane gyara yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi, da dalilinsa, da sa hannun waɗanda suka duba. Na biyu, a 2008 Stephen Rothwell ya fara harhaɗa ayyukan da ake sa ran shigarsu bugu na gaba a wuri guda, domin a ga waɗanda ke karo da juna tun kafin a buɗe ƙofa. Wanda ya leƙa can ya ga abin da ke bakin hanya. Na uku, a wannan shekarar Greg Kroah-Hartman ya buɗe wani zaure na ayyukan da ba su gama nuna ba, inda aka shar'anta kowane ya zo da takardar abin da ya rage masa, wanda kuma aka yi watsi da shi a fitar da shi. Na huɗu, tun 2015 akwai wani jadawali a cikin takardun ƙwayar wanda ke jera muhimman abubuwa da nau'o'in injin kwamfuta, a gaban kowane a rubuta ko an gama, ko da saura, ko kuwa bai shafe shi ba.

Abin lura shi ne, duk waɗannan suna ba da labarin halin da ake ciki ne yau. Akwai lokacin da aka ajiye wata takarda mai jera abubuwan da za a cire da ranakun cire su, amma a 2012 aka share ta, domin ranakun sun zama ado kawai.

Shekara Ashirin A Kan Hanya

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar aikin sa Linux ta riƙa amsa umarni cikin ƙayyadadden lokaci ba tare da saɓawa ba. Injin masana'anta ko na'urar asibiti ba su jure jinkiri, ko da na ƙiftawar ido ne. An fara wannan aiki a wajen 2004, Ingo Molnar da Thomas Gleixner da Steven Rostedt suna cikin jagororinsa. Bai shiga ƙwayar gaba ɗaya ba sai a bugu na 6.12, a watan Nuwamba na 2024.

Wani zai ce shekara ashirin ai gazawa ce. Amma a dubi yadda aka yi tafiyar. An riƙa yanko aikin gunduwa-gunduwa ana shigarwa, kamar ma'aunin lokaci mai kaifi da ya shiga a 2007, kowace gunduwa kuma ta amfani jama'a tun kafin a kai ƙarshe. Duk mai so yana iya auna girman abin da ya rage a waje, ya ga yana raguwa. Da kuɗi suka yanke, an faɗa a fili, har Gidauniyar Linux ta kafa shiri na musamman a 2015 don ɗaukar nauyin aikin. Da aka zo gangara, kowa ya san sunan ƙaya ta ƙarshe, watau sake fasalin hanyar da ƙwayar ke rubuta saƙonnin abin da ke faruwa a cikinta. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai masana'antar da ke jira bai sami rana ba, amma ya sami abin da zai gina shawararsa a kai.

Haka kuma buɗaɗɗen littafi yakan nuna mutuwar aiki. An daɗe ana ɗokin wani tsarin ajiyar bayanai mai suna Reiser4 tun 2004, bai taɓa shiga ba. Wani mai suna bcachefs ya shiga a farkon 2024, saɓani ya ɓarke kan bin ƙa'idar lokacin gyara, aka fitar da shi a 2025. Babu wanda aka bari cikin duhu yana jiran gawon shanu.

Inda Gizo Ke Saƙa

Adalci ya wajabta a faɗi illolin wannan tafarki. Ta farko, buɗe littafi daban, iya karanta shi daban. Bayanan a warwatse suke, cikin Turancin masana, dubban saƙonni a mako. Ɗalibin da ke Kaduna ko Zariya mai sha'awar sa hannu yana iya ɓata watanni bai gano aikin da ke neman mataimaki ba. Da ba don irin su Jonathan Corbet ba, waɗanda suka shafe shekaru suna taƙaita wa jama'a abin da ke gudana, da yawancin mutane sun tashi a tutar babu. Masu ginin wata manhajar mai suna FreeBSD sukan fitar da rahoto duk bayan wata uku, kowane rukuni ya faɗi inda ya kai. Wannan al'ada ce da ta cancanci a yi koyi da ita.

Ta biyu, aikin da ba shi da mai gida yakan kwanta. A gayya, kunyar da kowa ya ɗauka wani zai nome ita ce ciyawa ke cinyewa. Mafi yawan masu aikin Linux ma'aikatan manyan kamfanoni ne, saboda haka bukatar da ba ta da kamfani a bayanta takan daɗe a layi.

Ta uku ita ce ta fi shafar talaka. Gyaran da ya shiga ƙwaya ba lalle ne ya iso wayar da ke aljihu ba, domin sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ga dama ya aiko da shi. Wayoyi masu araha da na hannu, irin waɗanda suka fi yawa a kasuwannin Arewa, sukan ci gaba da tafiya a kan tsohuwar ƙwaya wadda aka riga aka san ɓarakarta. A 2023 ma aka sanar da rage wa'adin kula da tsofaffin bugu daga shekara shida zuwa biyu, saboda nauyi ya yi wa masu kula yawa. Wayar nan kuwa da ita ake tura kuɗi. A nan sawu yake ɓacewa, kuma a nan ya kamata hukumomin sadarwa da na kare masu saye su tilasta wa kamfani ya bayyana shekarar da zai daina aiko da gyara tun kafin a sayi wayar.

Kammalawa

Waɗannan illoli ba su rushe hujjar ba, sai ma ƙarfafa ta da suka yi, domin kowace daga cikinsu ta taso ne a inda bayani ya yi ƙaranci. Rana abu ce mai sauƙin faɗa, kuma faɗinta ba ya cin kuɗi. Abin da ke da nauyi shi ne amsa tambayoyi huɗu: wa ke riƙe da aikin, me aka gama, me ya rage, me kuma ya tare hanya. Wanda ya amsa waɗannan a fili ya ba jama'a sandar da za su auna shi da ita.

Ba a ce a gina hanya yadda ake gina manhaja ba, domin kwangila dole ta zo da wa'adi, kuɗin jama'a ne. Amma babu abin da zai hana allon kwangila a Kakau ya nuna kilomita nawa aka shimfiɗa, nawa suka rage, nawa aka biya, a kuma riƙa sabunta shi duk wata da harshen da masu wucewa ke ji. Haka nan ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na harshe suna da aikin da za su haɗa hannu a kai, watau taƙaita wa masu jin Hausa abin da kowane sabon bugu ya zo da shi. Gani ya kori ji, kuma jama'ar da aka nuna wa inda aka kwana ta fi haƙurin jira.