Mu Koma ga Fatsa, Mu Bar wa Gobe Kifi

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya saba zuwa bakin madatsar ruwa ta Mairuwa ko ta Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa, ko kuwa ta Malumfashi, ya san kifi ba ƙaramin taimako yake yi wa miyar gida ba. Amma akwai hanyoyi biyu na kamunsa da ba mu yarda da su ba. Ta fari, jan gidan sauro a ruwa, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Ta biyu, zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20. Wannan guba ce. Tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinta a jerin waɗanda za a daina aiki da su. Ruwan da aka zuba mata kuwa shi ne mu da shanunmu muke sha.

Ra'ayinmu shi ne, manomin da ke neman kifin miya, fatsa ta ishe shi, in dai ya san zaɓen ƙugiya da abin da zai sa mata. Fatsa ɗaya-ɗaya take kamawa. In ƙarami ya hau, sai a cire shi a mayar ruwa ya girma.

Da farko a dubi bakin kifin. Karfasa ƙaramin baki gare ta, saboda haka ƙaramar ƙugiya take so, lamba 10 ko 12. A tuna, yadda lamba ke ƙaruwa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. Tarwaɗa kuwa bakinta da faɗi, a ƙasan ruwa take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci. Ita sai babbar ƙugiya da tana ko hanjin kaza.

Sa'an nan a dubi abin da kifin ke ci a lokacin. Wanda ya tsaya bakin ruwa bayan ruwan fari, sa'ad da shinge ke tashi, ya ga yadda kifi ke tasowa sama yana cafkar waɗanda suka faɗa. To, a nan ne wata dabara ta masu fatsa na Ingila da Amurka za ta yi mana amfani. Su kan ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro. A Amurka da irin wannan suke kama wasu ƙananan kifaye masu faɗin jiki kamar karfasarmu. Don manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin halin giwan ruwa na tafkin Kainji, sai su ɗaura dogon farin gashi a babbar ƙugiya ya yi kama da ɗan kifi. Abin mamaki, gashin zabo da na wuyan zakara suna cikin kayan da suke saye da kuɗi a kanti. Mu kuwa a bayan ɗaki muke sharewa mu zubar.

Ga yadda ake ɗaurawa. A riƙe ƙugiya da filaya. A naɗa baƙin zaren ɗinki daga wajen ido zuwa inda ta fara lanƙwasa. A yanko ɗan siririn tsohon silifa, tsawon ƙwayar shinkafa biyu, a ɗaure shi a bayan ƙugiya. Shi ne jikin ƙwaron, shi ne kuma zai hana ta nutsewa. A ɗora ƙananan gashin zabo biyu a kai su zama fikafikai. A kewaya gashin wuyan zakara sau uku kusa da ido ya zama ƙafafu. A ƙulle zaren sau uku, a ɗiga masa ɗan gam. Kada a toshe bakin ƙugiya da gashi, gama kifi zai cafka ya tofar. A sami doguwar gora, a sa mata igiyar fatsa daidai tsawonta, a ajiye ƙwaron a hankali kan ruwa kusa da ciyawa, da sassafe ko da yamma, ana ɗan motsa shi.

Wani zai ce, wannan ai wasan yara ne, yaushe za a cika kwando da shi? Gaskiya ne, ba ya cika kwando, kuma in damina ta yi nisa ruwa ya gurɓace, kifi ba ya ganin gashi sosai, sai a koma ga tana da fara. Amma mu ba masunta ba ne. Kifi biyar ko shida sun isa miyar dare. Ƙugiya ɗaya kuma za ta yi kwanaki ana aiki da ita, ba sai an tona tana kullum ba.

Akwai kuma zancen lafiya. A shekarun 1970 likitoci sun yi bincike a ƙasar Malumfashi, suka tarar tsargiya ta yi yawa a cikin yara maza. Shiga ruwan da dodon koɗi ke zaune shi ke kawo ta. Yaron da ke jan gidan sauro a cikin ruwa yake wuni. Mai fatsa kuwa a kan tudu yake tsaye.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar manoma da ke kusa da ruwa ta yi abu uku. Ta sayi ƙugiya kwali guda ta raba wa 'ya'yanta. Ta keɓe yamma ɗaya da rani a zauna da samari a koyi ɗaurin nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ta kuma je wurin sarkin ruwa da mai gari a yi shawara ɗaya: ba guba, ba gidan sauro, ƙaramin kifi a mayar. In mun yi haka, 'ya'yanmu ma za su tarar da kifi a Mairuwa.