Zazzaɓin cizon sauro: Kwanakin farko ne ke raba gardama tsakanin jiki da cuta

A farkon watan Disamban shekara ta 2024 ne Nijeriya ta fara yi wa ƙananan yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, 'yan watanni bayan da Jamhuriyar Nijar ta ƙaddamar da nata shirin a garin Gaya na jihar Dosso. Tun a watan Janairun wannan shekarar Kamaru ta riga su shigar da allurar a cikin jerin alluran da ake yi wa yara a kai a kai.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya WHO sun yi nuni da cewar a shekara ta 2023 kaɗai an samu kamuwa da cutar har sau miliyan 263 a faɗin duniya, kuma mutane kimanin dubu 597 ne suka rasa rayukansu. Kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan a Nijeriya suke, kusan kashi 6 cikin ɗari kuma a Nijar. Akasarinsu yara ne 'yan ƙasa da shekaru biyar.

Tambayar da iyaye da dama ke yi ita ce, me ya sa yaron da aka yi wa allurar zai iya sake kwanciya da zazzaɓi, alhali wanda aka yi wa ta ƙyanda da wuya ƙyandar ta kama shi? Amsar tana tattare ne da abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam a sa'o'i da kwanakin farko bayan cizon sauron, tun kafin a ji ko da ɗumin jiki.

Mako guda na shiru

Ƙwayar da ke haddasa mafi munin nau'in cutar, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum, ta sha bamban da ƙwayoyin ƙyanda ko shan inna. Halitta ce mai sauya kama, wadda ke da ƙwayoyin gado sama da dubu biyar.

Macen sauro kan tofa ƙwayoyin ne a cikin fata lokacin da take neman jijiyar jini, kuma galibi yawansu bai wuce gomiya ko 'yan ɗaruruwa ba. Wasu na maƙalewa a fatar su mutu, wasu kuma su faɗa cikin jini, wanda ke kai su hanta a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci.

Da zarar ƙwayar ta kutsa cikin tsokar hanta, sai ta ɓuya na tsawon kwanaki shida zuwa bakwai tana hayayyafa. Guda ɗaya na iya haifar da wasu kimanin dubu 30. A duk tsawon wannan lokaci mutum na harkokinsa, ba ciwon kai ba kasala.

Wani bincike da aka gudanar a kan ɓeraye a birnin Lisbon na ƙasar Portugal, wanda aka wallafa a shekara ta 2014, ya nuna cewar hanta kan ankara da baƙuwar, ta kuma aike da saƙon neman ɗauki ga garkuwar jiki. To sai dai wannan martani ba ya da ƙarfin da zai hana ƙwayoyin fitowa. In ko da guda ɗaya ce ta tsira, ta wadatar wajen kwantar da mutum.

Martani mai kaifi biyu

Bayan fitowarsu daga hanta, ƙwayoyin kan afka wa jajayen ƙwayoyin jini, su hayayyafa a ciki, su fasa su a cikin sa'o'i 48, sannan su kama wasu sababbi. A jikin wanda bai taɓa kamuwa da cutar ba, yawansu kan ninka kusan sau goma a duk kwana biyu.

A wannan mataki ne garkuwar jiki ke farkawa gadan-gadan. Fararen ƙwayoyin jini kan haɗiye ƙwayar cutar da dattin da take bari, saifa kuma ta dinga tace jajayen ƙwayoyin da suka lalace, abin da ya sa ake ganin kumburin saifa a yaran da cutar ta yi wa kamu da yawa. Kazalika jiki kan saki wasu sinadarai na faɗakarwa, waɗanda su ne ke janyo zafin jiki da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi. Ke nan shi kansa zazzaɓin wani ɓangare ne na yunƙurin da jiki ke yi na kare kansa.

Matsalar ita ce wannan martani na zuwa ne a makare, kuma sau tari yakan wuce kima. A shekara ta 1990 masu bincike a ƙasar Gambiya suka gano cewar yaran da cutar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har suka rasu suna da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, wanda ake kira TNF, a jininsu fiye da yaran da cutar ta zo musu da sauƙi nesa ba kusa ba.

Ita ma ƙwayar cutar tana da tata dabarar. Takan shafa wa jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga wani abu mai danƙo, ta yadda za su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, su kauce wa saifa. In mannewar ta auku a ƙwaƙwalwa, sai a ga yaro yana jijjiga ko ya fita hayyacinsa. A shekara ta 2015 likitoci a birnin Blantyre na ƙasar Malawi suka bayyana, bayan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'ura, cewar kumburin ƙwaƙwalwa ne ke dakatar da numfashin da yawa daga cikin waɗanda ke rasuwa.

Bugu da ƙari, ƙwayar tana da kusan nau'o'i 60 na wannan abu mai danƙo, tana kuma sauya su ɗaya bayan ɗaya. Kafin jiki ya gama gane wannan, ta koma wancan.

Dalilin da ya sa yara suka fi shan wahala

Wannan ne ya sa garkuwa daga zazzaɓin cizon sauro ba ta samuwa a kamu ɗaya. Jariri kan samu kariya ta 'yan watanni daga sinadaran da ya gada a cikin mahaifiyarsa, daga nan sai ta fara gushewa. Daga wannan lokaci har zuwa shekaru biyar, jikinsa na koyon yaƙin ne da kansa, kuma kowane kamu na iya zama ajalinsa.

Manya da suka tashi a yankunan da cutar ta yi katutu kan kai matsayin da za su ɗauki ƙwayar a jininsu ba tare da sun kwanta ba. Tun a shekara ta 1961 aka tabbatar da haka a Gambiya, inda aka tace sinadaran kariya daga jinin manya aka sanya wa yara marasa lafiya, sai yawan ƙwayoyin cutar a jininsu ya ragu ƙwarai.

Amma wannan garkuwa ba ta ɗorewa in ba a ci gaba da haɗuwa da cutar ba. Binciken da Hukumar WHO da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya nuna cewar a inda aka yi feshin maganin sauro tare da raba magunguna, sinadaran kariya a jinin mazauna sun ragu, cutar kuma ta dawo bayan da aka dakatar da aikin.

Daɗin daɗawa, martanin farko ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Tun a shekara ta 1954 aka gano cewar wanda ya gaji ƙwayar amosanin jini daga ɗaya daga cikin iyayensa kaɗai yana da kariya daga cutar. A 1996 kuma wani bincike a Burkina Faso ya nuna cewar Fulani ba sa kamuwa da ita kamar maƙwabtansu Mossi da Rimaiɓe, duk da cewar sauro ɗaya ke cizonsu, kuma sinadaran kariya sun fi yawa a jininsu.

Masu ba da kansu don a gwada

Da yake marar lafiya ba ya zuwa asibiti sai zazzaɓi ya kama shi, likitoci ba sa samun damar ganin abin da ya wakana a makon farko. Don haka ne wasu cibiyoyin bincike a Turai da Amurka, daga bisani kuma a Kenya da Tanzaniya da Mali da Gabon, ke neman mutane masu ƙoshin lafiya da za su amince a sanya musu cutar da gangan, a dinga auna jininsu kullum, a ba su magani da zarar ta bayyana.

A shekara ta 2009 masu bincike a birnin Nijmegen na ƙasar Holland suka bar sauro mai ɗauke da cutar ya ciji mutane goma har karo uku, a daidai lokacin da suke shan maganin kulorokwin, wanda ke kashe ƙwayar a jini amma ba ya taɓa ta a hanta. Da aka sake gwada su ba tare da magani ba, babu ko ɗaya da ya kamu, alhali dukkan mutane biyar da aka ajiye don kwatance sun kamu.

A ƙarshen shekara ta 2024 ma, masu bincike a Holland ɗin suka ba da sanarwar cewar wata ƙwayar cuta da aka yi wa kwaskwarima ta yadda za ta girma a hanta amma ta kasa fita, ta kare mutane takwas daga cikin tara. Gwaje-gwajen ƙanana ne, to amma sun nuna cewar in jiki ya koyi tare cutar tun tana hanta, yana iya hana ta kai wa ga jini baki ɗaya.

Abin da allurar za ta iya

Alluran nan biyu da Hukumar WHO ta amince da su, wato RTS,S a watan Oktoban 2021 da R21 a watan Oktoban 2023, duka suna koya wa jiki ne ya gane rigar da ƙwayar ke sanye da ita lokacin da ta fito daga bakin sauro, domin ya cafke ta a kan hanyarta ta zuwa hanta.

Lokacin da jiki ke da shi na yin wannan aiki gajere ne ainun, don haka wajibi ne a samu sinadaran kariya masu ɗimbin yawa a jini tun kafin cizon. Yawansu kuma kan ragu bayan 'yan watanni, shi ya sa ake yin allurar sau huɗu. A Nijeriya ana yin ta ne a watanni biyar da shida da bakwai da kuma 15 na haihuwa.

A gwajin da aka yi wa yara dubu huɗu da ɗari takwas a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, allurar R21 ta rage kamuwa da zazzaɓin da kashi 75 cikin ɗari a cikin shekara guda a yankunan da cutar ke zuwa da damina, inda aka yi ta gab da saukar ruwan sama. A Ghana da Kenya da Malawi kuwa, inda aka fara amfani da RTS,S a 2019, mace-macen yaran da suka isa karɓar allurar sun ragu da kashi 13 cikin ɗari.

Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, to amma tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayar da ta kuɓuce wa allurar ta shiga hanta za ta fito jini kamar yadda ta saba, kuma a can allurar ba ta da ta cewa. Ga kuma batun kuɗi, domin a watan Yunin 2025 Amurka ta ce za ta daina tallafa wa ƙawancen Gavi, wanda ke ɗaukar nauyin sayen alluran ga ƙasashe matalauta.

Saboda haka ne Hukumar WHO ke nanata cewar allurar ƙari ce a kan gidan sauro mai magani da kuma magungunan rigakafin da ake raba wa yara wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, shirin da ta ba da shawarar a fara tun a shekara ta 2012.

A ranar da iyaye suka fara jin zafi a jikin yaro, ƙwayar cutar ta riga ta shafe mako guda zuwa biyu a jikinsa, kuma tana ci gaba da ninkuwa. Shawarar hukumar ita ce a gwada jininsa a kuma fara ba shi magani a cikin sa'o'i 24, ko an yi masa allurar ko ba a yi ba. Ga ƙauyukan da asibiti mafi kusa ke da nisan tafiyar yini guda, musamman in hanyoyi suka yanke da damina, cika wannan wa'adi na ci gaba da kasancewa babban ƙalubale ga iyaye da mahukunta.