Hitar Mota Ba Kayan Ƙawa Ba Ce

Da zarar hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Janairu, masu motoci a Jos da Zariya da Kano da Damagaram sukan tuna da wani maɓalli mai alamar ja da ke gaban direba, wanda suka shafe wata goma ba su taɓa shi ba. Mutum ya murɗa shi da asuba yana sa ran ɗumi, sai iska mai sanyi ta doke shi a fuska. Akasarinmu sai mu gyara zaman rigar sanyi, mu ce ai ƙasarmu ta zafi ce, nan da mako shida an wuce wurin. Ni kuwa ina ganin wannan sakaci ne mai tsada, domin hitar da ta ƙi ɗumi sau da yawa tana ba da labarin ciwon da ke cikin inji ne.

Hitar motar fetur ko dizal ba ta ƙirƙirar zafi da kanta. Ruwan da ke zagaya inji yana kwashe zafinsa, shi ne ake karkatar da wani sashe nasa ta tiyo biyu zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Ke nan duk abin da ya taɓa ruwan inji ya taɓa hita, kuma hitar ce takan riga kowa kokawa.

Saboda haka bincike yana da tsari, kuma mai mota zai iya yin rabinsa kafin ya je gareji. Da farko a saurari fanka. In babu iskar da ke fitowa ko kaɗan, matsalar ta lantarki ce: fis ya ƙone ko fankar ta mutu. In iska na fitowa amma da sanyi, sai a bari inji ya huce sarai, sannan a duba ruwan lagireto. Kada a kuskura a buɗe murfinsa yana da zafi, domin ruwan yana cikin matsi, zai yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. Ƙarancin ruwa shi ne abu na farko da ake zargi. Kuma ruwa ba ya raguwa haka kawai. Akwai inda yake yoyo, dole a gano wurin.

Idan ruwa ya cika, a tayar da mota ta yi kamar minti 15, a lura da allurar zafi, sannan a taɓa tiyo biyun nan da suka shige cikin mota daga wajen inji, cikin hattara da fanka da bel. In ɗaya ya yi zafi ɗaya na da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe da tsatsa, ko iska ta maƙale a ciki, sai a wanke shi ko a fitar da iskar. In duka biyun sun yi zafi, ruwa na gudana lafiya, laifin na ɗan marfin da ke karkatar da iska ne a cikin dashbod. In kuwa duka ba su yi zafi sosai ba, allura kuma ta ƙi tashi, to a tambayi tamostat.

A nan ne nake da ƙorafi. Yawancin motocinmu na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai da Amurka ta Kwatano ko Legas. Al'ada ta kafu a garejoji da dama cewa da mota ta iso sai a cire mata tamostat, wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Tamostat bawul ne da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 90, zafin da aka ƙera injin ya yi aiki a kansa, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ci gaba da ƙara masa mai, ƙarafansa su riƙa cin juna. An gudu daga zafi, an faɗa shan mai.

Abokin wannan al'ada shi ne ɗura wa lagireto ruwan rijiya ko na leda. Ruwan sanyaya inji mai launi yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jure tafasa. Ruwa zalla yana barin tsatsa da gishiri, kuma siraran hanyoyin hita su ne farkon toshewa. Idan suka huje, za a ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe, gilashi ya yi maiƙo. Bakanike mai gaggawa sai ya haɗe tiyo biyun da juna ya ce an gama. Yoyo ya tsaya, amma hita ta mutu ke nan.

Asarar ba ta tsaya ga jin sanyi ba. Direban da ya ɗauko fasinja cike da mota da asuba ya san yadda numfashinsu ke rufe gilashin gaba da raɓa, ga hazo a waje. Iskar hita ce ke share wannan raɓa, ba tsumman da ake gogawa da hannu ɗaya ana tuƙi da ɗaya ba. Haka kuma idan inji ya fara zafi a tsakiyar daji, kunna hita har ƙarshe yana rage masa zafin kafin a sami wurin tsayawa.

Ba ina raina bakanikenmu ba ne. Da dabararsu ƙasar nan ke tafiya. Roƙona ga mai mota shi ne ya riƙa kunna hitarsa na ɗan lokaci ko da a bazara ne, ya tambayi ko tamostat ɗinsa na nan, ya kuma ƙi yarda a cire abin da ba a iya faɗa masa dalilin cire shi ba. Kuɗin tamostat da galan ɗin ruwan lagireto ba su kama ƙafar kuɗin gaskit da ya ƙone ba. Allah Ya kiyaye mana hanya.