Gardamar Ƙwallon Kwando A Zangon Agege

Ran Lahadi da dare na iske samari a teburin mai shayi a Zangon Agege, gardama ta kaure har shayi ya huce. Batun kuwa na Kevin Durant ne, gwanin ƙwallon kwandon Amurka, wanda a 2016 ya bar Oklahoma ya koma Golden State, watau ƙungiyar da ta fitar da su daga gasa a shekarar. Can ya ci kofi a 2017 da 2018. Wasu suka ce cin amana ne. Wasu suka ce ɗan kasuwa inda ciniki yake nan yake kasa kaya, mu ma abin da ya kawo mu Ikko ke nan.

Ni dai na tuna musu da Hakeem Olajuwon, haifaffen nan Ikko. Houston ta ɗauke shi a 1984, ya sha kashi a zagayen ƙarshe na 1986, ya daure har kofi ya zo hannu a 1994, ya maimaita a 1995. Sai wani yaro ya ce, "To Malam, ba shi ne ya ƙare a Toronto ba?" Gaskiyarsa, a 2001 ya koma can. Na biya kuɗin shayinsa.